Gidan da Ba Ya Cin Fili

Shekara talatin da biyu ina jan layi
a ofishin safiyo:
ƙafa hamsin nan, ƙafa ɗari can,
turke, igiya, jan fenti.
Na ga 'yan ciki ɗaya sun daina gaisawa
a kan taku uku na faƙo.
Ni ma ban tsira ba.
Tsakanina da Sahabi akwai katanga a Mabera
da shirun shekara tara.

Da fansho ya zaunar da ni
sai na koma sayen duma.
Nakan shiga Tsohuwar Kasuwa da sassafe
kafin rana ta fara gasa kwano,
in ɗaga wannan, in ƙwanƙwasa wancan,
in kai kunne kamar mai jiran amsar sallama.
Mai duma ya ce, "Baba, hura za a dama?"
Na ce, gida za a gina.
Ya yi dariya, ya rage mini naira hamsin.

Ma'aunina: gaɓar yatsa ɗaya, tsayin mutum.
Da reza nake fasa ƙofa,
zagaye, kamar bakin tulu.
Taga gilashin mataccen agogo ce
da Haliru na bakin masallaci ke tara mini a gwangwani.
Labule, guntun jar fata daga wurin dukawa.
Matakala, ashana goma sha ɗaya da aka sare wa kai,
tana murɗawa cikin duman kamar hayaƙi.
Ta bakwai ɗin ta ci mini kwana biyu,
hannu na rawa, gam na bushewa kafin in kai.

A kan tsohon faifan Inno na shimfiɗa duniyar.
Yashin Rima da na tankaɗe,
garin katako da na rina kore,
tsinken tsintsiya ya zama giginya,
fasasshen madubi ya kwanta tafki.
Ƙwallon goruba uku na rataye da zaren kamun kifi,
masaukin baƙi ne, suna lilo a sama.

Su wa ke ciki? Ban sani ba tukuna.
Na san dai ba su da kusurwar da za su ɓuya wa juna.
Wanda ya tashi cikin fushi
bango zai dawo da shi inda ya baro.
Kuma gidan, duk girmansa,
wuri ɗaya yake taɓa ƙasa,
bai kai ƙwayar gero ba.
Wa zai kai ɗan'uwansa kotu a kan ƙwayar gero?

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
na kunna ƙwan tocilan da na dasa a ciki.
Duman ya yi ja, kamar wata ya faɗo ɗakina.
Luba jikata ta matso da hanci,
gwiwarta ta bugi faifai.
Gida ya tashi.
Ya bi ta kan tafki, ya tuge giginya biyu,
ya sauka tabarma, ya gangara ƙofa
da wutarsa, da labulensa, da mutanen da ban sani ba,
sai da turmi ya tare shi a tsakar gida.

Ta tsaya jiran faɗa.
Na ɗauko na duba, ko tsaga babu.
Ashana ta bakwai ce kaɗai ta fita.

"Kaka, don mi ba ka yi mai gammo ba?"

Shekara talatin da biyu ina awo,
'yar shekara shida ta tuna mini
abin da kowace mai tallan nono ta sani.

A daren na yagi bakin tsohon rawanina
na naɗa gammo, faɗin munduwa.
Gida ya zauna.
Na daɗe ina kallonsa har batir ya fara gajiya.

Akwai sauran duma ɗaya a ƙarƙashin gado,
ɗan karkatacce, mai tabo a gefe.
In na gama ƙofarsa
zan hau kabu-kabu zuwa Mabera.
Ban shirya abin faɗi ba.
Wataƙila in aza shi kan katangar, ba gammo,
in ga wajen wa zai gangara.