Taki Ɗaya Daga Kwalta

Ni ce madugu, sunana Fumie.
Ayarina motoci shida ne marasa rufi,
kowace ba ta fi kwandon wanki ba.
In ka zauna, taki ɗaya ne tsakaninka da kwalta,
tayar bas ta fi ka tsawo,
kare ma sai ya sunkuyo kafin ku haɗa ido.

Ƙarfe uku muke barin gareji a Asakusa.
Yatsa ɗaya sama: a bi layi.
Yatsu biyu: a jeru bibbiyu a bakin danja.
Baƙina sun sha rigunan damisa da na zomo,
sun biya kuɗi don su ɗaga kai
su ga hasumiyar da ke tsokane wa gajimare ido.
To, su ɗaga.
Ni shekara tara ke nan wuyana ya koyi sunkuyo.

Daga nan ƙasa Tokyo wata ce daban.
Akwai ciyawa a tsagin siminti gaban banki,
tun bazara nake gaishe ta,
ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta izini.
Akwai gansakuka a gindin gada,
kore shar kamar ba ta san hayaƙi ba.
Ganyen ginko na faɗo mini a cinya,
ɗan mafici rawaya,
in soke shi a jikin sitiyari mu ci gaba.
A kogin Sumida zalɓe ɗaya ke tsaye da ƙafa ɗaya,
jirgin ƙasa na ratsa gada bisa kansa,
ko ƙyaftawa.

A lungu na huɗu akwai tsoho Kurihara
da tukwanen furensa talatin da bakwai,
wasu a gwangwani, ɗaya a tsohon takalmin roba.
Ba ya son mu, ban kuma ga laifinsa ba.
Kullum na wuce sai ya juya mini ƙeya
yana ba lemonsa ruwa.

Ran Laraba, daidai ƙofarsa,
mota ta biyar ta yi tari sau biyu ta mutu.
Na ce kowa ya kashe injinsa.

Sai shiru ya sauko.
Ashe gyare na kuka a lungun nan.
Ashe butar tsohon tana da murya.
Shekara tara ina wucewa da ƙarata
ina zaton babu kowa a gida.

Anselmo, ƙaton da ke cikin rigar zomo,
ya fito da kyar, gwiwa na ƙara,
ya tsuguna gaban takalmin roba.
Wani ɗan kwaɗo, bai kai babban yatsa ba,
zaune a kan ganye kamar mai karɓar haya.
Mutum shida daga ƙasashe huɗu
suka yi da'ira a kansa, ba mai magana,
hasumiya na can bayansu, ba mai waiwaye.

Tsohon ya daɗe yana dubanmu.
Ya ce, “Uku ne. Sauran biyun sai dare.”
Sannan ya tsinko lemo ɗaya,
ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Makaniki ya zo, waya ce ta sake.
Muka tashi da rurinmu, mun makara minti ashirin,
mai gareji ya yi ta faɗa.

Lemon kuwa tsami gare shi, har kunne na ji.
Na cinye shi tas.
Ƙwallayen na cikin kofin takarda a tagata.

Yanzu in mun doshi lungu na huɗu
sai in ɗaga ƙafa daga totur,
ayari ya silale kamar masu shiga ɗakin mai barci.
Har yau ƙeya yake juya mini.
Amma jiya na lura
ya matso da takalmin roban bakin hanya,
inda na ƙasa zai iya gani.