Shafin da Ba Ya Daidaita

A ajin kasuwanci, can bayan Asawase,
Malama Serwa ta raba allo biyu da alli:
nan shiga, nan fita.
Ta ce wanda nasa bai daidaita ba
ya kwana da fitila.
Ni aka miƙa wa littafin ƙungiya,
mai jan bango,
wai hannuna ba ya rawa in ina ƙirga sidi.

Mu tara ne. Jarinmu ɗari da ashirin,
karo-karo, har da na Fuseni
da ya zo silalla, ƙulle cikin safa.
Muka sauka Kejetiya muka sayo zoɓo,
citta, kanumfari, sukari kwano biyu, leda dami guda.
Da an buga ƙararrawar hutu
sai layi ya miƙe daga gindin mangwaro
har bakin ɗakin gwaje-gwaje.

Ƙarshen zango na ja layi biyu ƙarƙashin riba:
ɗari uku da arba'in.
Na fito ina tafiya kamar mai banki.

Baba Sumaila na bakin ƙofa bisa bencinsa,
shi da ya shekara talatin yana loda goro
a motocin da ke hawa arewa.
Boko bai sani ba, amma huhu bai taɓa ɓace masa ba.
Ya ce, karanto mini fitar.
Na karanto.
Ya ce, ƙanƙara fa?
Na ce ai Mma Abiba ke sa mana a firjin kicin.
Tebur fa?
Kafinta Opoku ya ɗaure masa ƙafa, bai ce komai ba.
Ledojin da kuke sha ku yar,
iska ce ke kwashe su?
Na tuna Atinga, sunkuye da tsintsiya,
tun rana ba ta gama wanke ido ba.
Bai tambayi wanda ke buɗe mana ƙofa
kafin shida ta yi ba.
Ya ɓare goro, ya ba ni rabi.
Ya ce, yarinya, da abokin daka akan sha gari.

Ran Alhamis taro ya yi zafi.
Memunatu ta ce wannan ba ya cikin manhaja.
Kwadwo ya ce kyauta ba bashi ba ce.
Aka ɗaga hannu: biyar da huɗu.

Mma Abiba ta ture ambulan da bayan ludayi,
ta ce ita ba haya ta ba da sanyi ba.
Opoku ya ce mu sayo masa ƙusa mai inci uku.
Atinga ya karɓa, ya ƙirga a gabanmu sau biyu,
ya ce zango mai zuwa ku sayi kwandon shara,
bayana ba na gwamnati ba ne.
Baba Sumaila ya yi kamar yana barci.

Na buɗe sabon shafi, na jera sunayensu.
Gurbin kuɗi na bar shi fari,
ban san nawa ake sayar da asuba ba.
Malama Serwa ta daɗe tana dubawa,
jan bironta a sama, bai sauka ba.
Ta ce, ba za a tambaye ki wannan a jarrabawa ba.
Ta rufe littafin a hankali.

A hoton ranar ba da kyaututtuka mu tara ne,
da shugaban makaranta, da kofi.
In ka duba gefen hagu, can ƙasa,
za ka ga bakin tsintsiya ya shigo.

Yau ina riƙe da lissafin wani kantin tayal a Adum.
Shiga da fita suna daidaita kafin la'asar.
Shafin nan ne kawai har yanzu
nake kwana da fitila a kansa.