Kwalbar Wake

Sun sake dawowa. Duk bayan shekara huɗu
motoci masu baƙin gilashi kan cika harabar cocinmu,
su tattake ciyawar da dattijo Lucius ya sha wuyar yankewa.
Sai lokacin fidda gwani ake tuna hanyar ƙauyen nan
na can ƙuryar Karolina ta Kudu.
Ni ce Ozella mai suyar kifi. Shekarata tamanin da ɗaya,
hannuna ya san zafin mai ba sai na duba ba.

Na farkon dogo ne, ya baro kwat ɗinsa a mota,
ya naɗe hannun riga don mu ga ɗan talakawa.
Ya ce kifina ya tuna masa da gidan kakarsa.
Ban tambaye shi wa ke soya wa kakar tasa ba.

Ta biyun ta haddace sunayen matattunmu,
ta jero su kamar mai karanta takardar cefane,
ta yi tuntuɓe a kan na huɗu.
Na huɗun nan ɗan ajinmu ne. Yana da wushirya.

Da la'asar wani yaro ya biyo, baƙi irina, sa'an jikana,
da 'yar giwa maƙale a ƙirjin rigarsa.
Mata suka taɓe baki. Ni na ƙara masa kifi,
don ya yi min kama da kakana Cato.

Cato ya mutu yana ɗan giwa.
Ya ce ita ta tsinke sarƙar ƙafar ubansa,
kuma wanda ya cire maka ƙaya ba ka jifansa.
A zamaninsa jaki ke gadin ƙofar rajista.
Ɗan jaki ne ya dire wa babana kwalbar wake a tebur,
ya ce: ƙirga da ido, in ka canka ka yi zaɓe.
Sau uku Baba yana zuwa da takalminsa na Lahadi,
sau uku yana dawowa da hula a hannu,
ya zauna a dakali har sauro ya gaji da shi.

Ba a dare ɗaya kiɗa ya juya ba.
A hankali ne, yadda kogi ke cin gaɓa.
Jaki ya buɗe mana ƙofar gaba, yana gunaguni,
masu kwalba suka tattara komatsansu
suka tare a gidan giwa.
Na ga ɗan magatakardan nan da idona,
ya liƙa sabuwar dabba a bayan motarsa,
kujerarsa a shagon aski kuwa tana nan inda take.

Jikata Keturah ta ce: Kaka, to wace ce tamu?
Na ce: yarinya, na ga sun yi musayar riga,
ban tsaya a bakin rijiya na ga wanda ya yi wanka ba.
Amma ƙarya ne in ce ba abin da ya motsa.
Yau su ke bin layi a gaban kaskona,
da faranti a hannu, suna ce min ranki ya daɗe.
Sai dai bara an ɗauke rumfar zaɓenmu
an kai ta mil goma sha ɗaya, inda bas ba ya zuwa,
kuma cikin masu faranti ba wanda ya ambata.

Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ranar Asabar Keturah za ta kai ni a motarta.
Wanda zan dangwala wa, tsakanina da Baba ne.
Akwai kwalba a saman kabad ɗina,
na cika ta da wake ranar da aka binne shi.
Dubu ɗaya da ɗari biyu da shida.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Har yau ba wanda ya zo ya tambaya.