Jirgin Fito na Ƙarshe

Ƙarfe tara saura minti takwas,
a mashigar ruwa, can arewacin Norway,
ni ce ta huɗu a layi.
Na kashe inji don in kurɓi shayi.
Laifina ke nan, in laifi ne.

Sau uku Eilif yana bugo waya daga tsibiri.
Tun la'asar saniyarsa take naƙuda,
ƙafa ɗaya ta leƙo, ɗaya ta maƙale.
"Torunn, kina ina?"
Ga ni nan, na ce, ga jirgi ya wage baki.

Motocin gabana suka gangara ciki.
Na taka birki, na danna maɓalli.
Shiru.
Na sake dannawa,
kamar mai sallama a ƙofar wanda ya ji motsinsa.
Ko tari ba ta yi ba.

Allo ya kawo ɗan jan rubutu:
wai ba ta ga makulli ba.
Ga shi kuwa a aljihu yana dukan cinyata.
Shekara shida suna tare,
yau ta ce ba ta san shi ba.

Na bi ta gaɓa-gaɓa,
yadda nake duba dabbar da ta ƙi tashi.
Giya tana mazauninta, na jijjiga don in tabbata.
Na murza sitiyari hagu da dama ko ya cije.
Na take birki har gwiwata ta yi ƙara.
Na kunna fitilu, suka haska tar,
ashe babban batir lafiyarsa lau.
To, ina ciwon yake?
Saniya ko ba ta magana tana nishi in ji.
Wannan ko nishin babu.

Na bayana suka fara ham.
Dusar ƙanƙara tana sauka a gilashi, ba ruwanta.
Saura minti uku.

Sai ga ma'aikaciyar jirgi da tocila,
dattijuwa, sanyi ya rina hancinta ja,
Gunvor aka rubuta a ƙirjin rigarta.
Ta leƙa allo, ta dube ni.
"Ina ya yini?"
A aljihun waje, na ce, tun asuba, garke zuwa garke.
"Sanyi ya tsotse ɗan batirinsa.
Bai fi kwabo ba, ba shi da jimiri.
Bai mutu ba, muryarsa ce ta dishe.
Daga nesa ba za ta ji shi ba.
Manna shi a jikin maɓallin, ki danna da shi,
ya raɗa mata a kunne."

Na manna. Na taka. Na danna.
Inji ya yi gyaran murya,
ya kama.

Ni ce ta ƙarshe da jirgi ya haɗiye.
Ban gama sauke numfashi ba ta ƙwanƙwasa gilashi:
"Kashe injin. Doka ce."
Na dube ta, ta yi dariya.
Na kashe, hannuna yana rawa,
na cusa makullin cikin rigata, fata da fata,
kamar ɗan ragon da aka haifa a kan ƙanƙara.

Minti arba'in a kan baƙin ruwa,
waya a kunne, ina ce wa Eilif:
kada ka ja, kada ka ja, jira ni.

A tsallake ta tashi da raɗa ɗaya.

Sha ɗaya da kwata maraƙi ya faɗo kan ciyawa,
jiƙe sharkaf, yana atishawa.
Ina wanke hannu har kafaɗa
Eilif ya shiga ɗakin girki,
ya kife ma'aunin fulawa na marigayiya matarsa,
ya ɓamɓare bayansa da farce,
ya miƙo mini ɗan farin kwabo.
"Shekara biyu ba wanda ya auna komai," ya ce.
"Gwada."

Ya zauna daram.
Daga bakin ƙofa na danna,
can cikin duhu motar ta ƙifta mini ido.