Miƙo Hannu

Shagon Odell Pruitt na ƙarƙashin gadar jirgi
a kudancin Shikago,
inda gilashin taga ke kaɗuwa duk minti bakwai.
Na shiga da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
harmonika a aljihun kwat,
da dala tamanin da na tsakura daga kuɗin haya.

Na ce, "Makirufo nake nema.
Ran Alhamis a kulob ɗin Verlene
jita da ganga suka haɗiye ni ɗanye.
Na busa har jijiyar wuya ta miƙe,
ko mai goge tebur bai waiwayo ba."

Bai dubi kuɗin ba.
Ya ce, "Miƙo hannu."
Na miƙa dama. Ya ce, "Ɗayan."
Hagun nan dai, wanda injin gwangwani
ya ci wa yatsu biyu shekara tara da suka wuce.
Ya juya shi, ya sake juyawa,
ya ja tsaki, ba na raini ba,
irin na bakanike da ya gano inda mai ke yoyo.

Daga akwatin takalmi ya zaro guda uku.

Na farko dogo ne, sai ƙyalli.
"Wannan na mawaƙa ne, ba ya ƙarya.
Abin da ka faɗa, shi zai maimaita.
Buluz kuwa ya fi son ɗan aike
mai ƙara wa magana gishiri."
Ya mayar da shi, ban ko taɓa ba.

Na biyu ɓul-ɓul kamar fitilar babur.
"Daga ofishin 'yan tasi ya fito.
Shekara talatin wata baiwar Allah
tana kiran direbobi da shi cikin dare.
Zuciyarsa ƙwayar gishiri ce, da gaske nake.
Manta shi a mota ranar zafi,
ka dawo ka tarar da gawa."
Raina ya biya.
Na rungume shi da tafuka biyu,
na cusa harmonika, na ja numfashi.
Iska ta sulale ta gurbin yatsuna,
amfilifaya ta ƙwalla ƙara
har magen shagon ta haye kanta.

Na ce, "Zan saba."
Ya ce, "Takalmin da ya fi ƙafa ba a saba masa,
sai dai a koyi ɗingishi."

Na uku ban so ganinsa ba.
Ɗan ƙarami, fenti ya ɓaɓɓake,
gefe guda ya lotsa.
Tashar bas ce ta yar da shi.
Maganaɗisu ne a cikinsa,
ba ruwansa da gumi, ba ruwansa da rana.
Odell ya yanko tsohon tiyub ɗin keke,
ya naɗa masa ɗamara sau biyu,
ya danna shi cikin hagun nan tawa.
"Rufe. Matse.
Inda yatsa ya ƙare, kumatu ya karɓa.
A nan ji ne ke korar gani."

Na busa rami na biyu, na lanƙwasa shi ƙasa.

Abin da ya fito ba muryar ɗan ƙarfen aljihu ba ce.
Gurnani ne mai kauri, mai tsatsa,
kamar ana jan tsohuwar ƙofar gareji,
kamar kawuna Lucius in ya tashi da asuba
yana gyaran murya kafin kofi.
Na ɗan saki tafi, ya yi kuka.
Na matse, ya yi ƙwafa.

Odell ya ce jirgi ya wuce sau biyu.
Ni ban ji ba.

Sittin da biyar ya karɓa.
"Sauran ka sayi waya mai kyau,
kuma kada ka tsaya gaban lasifika kamar gaula."

Alhamis ta zo da ruwa.
Mutum goma sha ɗaya ne, na ƙirga.
A baiti na biyu mai ganga ya sassauta hannu,
Verlene ta tsaya da canji a tafinta,
wani mai hular ma'aikatan gini yana jira,
ita ba ta ba shi ba,
shi bai tambaya ba.

Robar keken tana bar mini baƙi a tafi.
Sai Asabar yake gama fita.