Bakin Buroshi

Kawu Jatau reza yake sa wa buroshinsa
a bayan tashar Kwangila:
ya rage gashi uku, ya lasa, ya ɗaga wa rana,
sannan ya ja gezar zaki a ƙeyar gingimari.

Ni kuwa a Samaru, ɗaki ɗaya da fanka mai tari,
rezata lambobi ce.
Na matse da'irar ta koma ƙwayar kabewa,
na karkata ta digiri talatin da biyar
kamar hular mai ji da kansa.
Tazara ta yi yawa, layin ya tsinke,
ɗigo-ɗigo, kashin awaki a hanya.
Na rage. Ya haɗe, amma sumul,
sai ka ce sabon aski.

Dutsen Kufena nake nema,
da kaushinsa, da fasonsa.
Na warwatsa gashin, na ɓantare gefe kaɗan
har bakin ya tsage irin na tsohon asawaki.

Yawwa.
Ashe wannan ne buroshin da Kawu ke wurgawa kwata
yana cewa ya mutu.
Na raɗa masa suna Jatau, na adana
kafin a ɗauke wuta.