Gidan da Ke Wucewa Bisa Birni

Bayan isha'i muka hau soro, ni da Barira,
mu wanke kashin tantabarun Kiyari
daga fuskar farantin sola.
Rabin buta ta ɗauko. Rabi kawai.
Yarinyar ta san garin da aka yanke mata cibi.

Kuran ya tafi tun la'asar,
Birni ya yi tsit tsakanin duwatsunsa,
sai gida ɗai-ɗai mai batir yana ƙyafta ido.
Ta dubi waya, ta ce, "Baba, saura minti biyu,
juya wajen Zango."
Na juya, tsumma na ɗiga a hannuna.

Sai ga tauraruwa, ba ƙyaftawa, ba tsayawa,
ta bi ta kan kasuwar Dole
kamar yaron da aka aika aka tofa yawu a ƙasa.

"Ba tauraruwa ba ce," in ji ta, "gida ne.
Da mutane a ciki, da wurin barci, da makewayi.
Sau goma sha shida rana take fito musu
kafin mu mu ga tamu ɗaya."
Na ce, to, Allah ya ji ƙan ladaninsu.

Ta yi dariya har ta dafa bango.
Ta ce can ruwa ba ya zuba,
dunƙulewa yake kamar curin fura, yana yawo a ɗaki.
Ta ce ba rijiya, ba tafki, ba ɗan garuwa,
gumin jikinsu, numfashinsu,
har abin da kunya ta hana ta faɗa gabana,
inji ne ke tacewa ya maido musu a kofi.

A nan na yi shiru.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran famfo
a garin da famfo ke tari ya fi ba da ruwa.
Na kwance kawunan da tsatsa ta ci ba su taɓa jiƙa ba.
Uwata, Allah ya kai haske kabarinta,
ruwan da ta wanke gero shi ke wanke ƙwarya,
na ƙwarya ya je wa akuya,
abin da akuya ta rage, na zogale ne.
Ba ta san boko ba, ba ta hau ko jirgin ƙasa ba,
ashe karatun ƴan sama take yi a gindin murhu.

Yanzu jikarta ta jera goruna a jikin katanga,
ta huda, ta zura siririn tiyo,
salati na fitowa ba tare da ya taɓa ƙasa ba.
Wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino
ke jin ƙishin saiwa, ya gaya wa wayarta,
wayar ta gaya wa injin, injin ya ɗiga.
Ɗigo. Ya jira. Ɗigo.
Ni da na ce wasan yara ne
na ci shi jiya da ƙuli-ƙuli, ban ce komai ba.

Gidan ya kai gabas, ya dushe, ya shige inuwa.
Ban ɗaga masa hannu ba, kada Kiyari ya hango ni.
Amma a zuci na ce: ku na sama, sannunku da ƙishi,
mu ma nan a rataye muke,
dutse a ƙasa, rana a bisa,
kowane ɗigo da sunansa.

"Gobe zai dawo?"
"Da asuba, biyar saura."
"Ki tashe ni."

Muka sauko a hankali, tsanin ya tsufa.
Na matse tsumman a gindin tumatir ɗinta.
Can wajen ƙarfe uku famfon tsakar gida ya yi kaki,
na tashi da bokiti, ba takalmi,
na tsaya ina saurare.